"Ina gajiya?" "Ba gajiya": jagora ga ma'aikacin ONG a Damagaram da aiki ke neman cinyewa

Kowace safiya a bakin ƙofar biro mai gadi zai tare ka da "Ina gajiya?", ka amsa "Ba gajiya". Ya ce "Ina aiki?", ka ce "Aiki da godiya". Gaisuwa ce, haka iyaye suka koya mana ita. Amma na yi shekara guda cur ina ba da wannan amsa alhali da ƙyar ƙafafuna ke kai ni daga mota zuwa teburi. A lokacin ina aikin sa ido a shirin yaƙi da tamowa na wata ONG, wato ƙungiyar agaji mai zaman kanta, ina zagaya likitocin ƙauyuka, ƙananan asibitocin karkara, a kudancin jiharmu.

Ranar da na gane abin ya kai inda ya kai, wata Laraba ce cikin Satumba, a ƙarƙashin rumfar awo. Mata sun cika tabarmi, ba masaka tsinke. Wata uwa ta kwance goyonta, na zagaya wa yaron igiyar awo a damtse, ta tsaya a kan ja, wato bai kai milimita 115 ba, alamar tamowa mai tsanani. Na tambayi katinsa, ta ce ruwa ya ci shi daren da ɗakinsu ya rushe. Sai na daka mata tsawa a gaban jama'a. Ba ta ce uffan ba, ta gyara zanenta ta sunkuyar da kai. Matar nan tun asuba take tafiyar ƙasa. Da na koma mota na laluba zuciyata, ban sami kunya ba, ban sami tausayi ba, fayau take kamar ƙwaryar da aka wanke aka kife. Wannan ya tsorata ni fiye da tsawar kanta.

Abin da ke biye, na tsince shi ne a hanyar fita daga wannan hali, da kuma wajen abokan aikin da na ga sun faɗa cikinsa bayana.

Mataki na farko: ka san wace irin gajiya ce

Akwai gajiyar da barci ke kashewa. Ka dawo daga misiyo, wato tafiyar aiki, Tanut ko Gure jikinka duk ƙura, ka yi wanka, ka kwana biyu, ka tashi garau. Waccan ba ita muke magana ba. Wadda muke magana a kanta ita ce wadda za ka yi Asabar da Lahadi a kwance, Litinin ta zo ka ji kamar an ɗora maka turmi a ƙirji.

Ba sabon abu ba ne, kuma a irin aikinmu aka fara lura da ita. A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kan masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta na birnin New York, mutanen da suka shigo da zafin nama suka ƙare kamar fitilar da mai ya ƙare mata. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta a kundinta na rabe-raben cututtuka da matsalolin lafiya, ICD-11. Ba ta lissafa ta cikin cututtuka ba, ta ce hali ne da ke fitowa daga matsin wurin aiki wanda ya daɗe ba a shawo kansa ba, kuma ta ba shi alamu uku: ƙarewar ƙarfi, nisantar zuciya daga aikin, har mutum ya riƙa jin haushinsa da haushin mutanen da yake yi domin su, sai kuma raguwar ƙwazo, abin da kake gamawa cikin awa ɗaya ya koma cin yini. Alama ta biyu ce ta fi ɓoyuwa. Idan ka ji kanka kana cewa "mutanen nan ba sa ji" a kan matan da a da kake raba guzurinka da su, ka tsaya.

Kafin ka yanke hukunci, ka je a duba jininka. Zazzaɓin cizon sauro da bai fita sarai ba, ƙarancin jini, hawan jini da ciwon suga duk suna kawo mutuwar jiki iri ɗaya, kuma mu da ke yawo a likitoci mun fi kowa ƙin zama a gaban likita. Idan kuma abin ya wuce aiki, ba ka jin daɗin abinci, ba ka jin daɗin ƴaƴanka, barci ya ƙaurace maka sama da mako biyu, to wataƙila ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. In har tunanin cutar da kanka ya taɓa ɗarsuwa a ranka, ka gaya wa wani na kusa a ranar, ku tafi babban asibitin Zinder tare. Ba a jira da wannan.

Abu ɗaya zan roƙe ka: kar ka nemi ƙarfi a tramol. Na ga direba nagari da ya fara da ƙwaya ɗaya don ya kai Yamai a yini guda, tafiyar kusan kilomita 900, ya ƙare ba aiki ba lafiya.

Mataki na biyu: ka rubuta mako biyu a takarda

Ka sami ƙaramin littafi, irin na ƴan makaranta. Kwana 14 kana rubuta abu huɗu kullum: ƙarfe nawa ka fara aiki, ƙarfe nawa ka ajiye shi da gaske, awa nawa ka yi barci, da abin da ya fi ɓata maka rai a ranar. Awowin hanya aiki ne, ka lissafa su. Rahoton da ka buga a tsakar gida da dare, wuta ta ɗauke, kwamfuta a cinya kana korar sauro, shi ma aiki ne. Saƙon WhatsApp ɗin da ka amsa bayan isha'i, aiki ne.

Da ka gama, ka ajiye lissafinka kusa da abin da doka ta ce. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta tsayar da makon aiki a kan awa 40, ta wajabta hutun aƙalla awa 24 a jere kowane mako, ta kuma ba ma'aikaci kwana biyu da rabi na hutu mai albashi a kan kowane watan da ya yi aiki, wato kwana 30 a shekara. Mace mai ciki tana da mako 14 na hutun haihuwa, in ta dawo kuma tana da lokacin shayarwa har awa ɗaya a yini. ONG ba ta fi ƙarfin wannan doka ba don tana aikin jinƙai. Nawa littafin, da na tara, ya nuna awa 68 a mako na farko, 71 a na biyu. Sai da na gani da idona na daina zargin kaina da lalaci.

Mataki na uku: ka gano inda ɗakin ke yoyo

A nan ya kamata ka daɗe, domin maganin da za ka nema ya dogara da abin da ka gano. Christina Maslach da Michael Leiter, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin wannan matsala, sun ce wurare shida ne zaman mutum da aikinsa ke tsagewa: yawan aiki, rashin ta-cewa, rashin sakayya, lalacewar zaman tare, rashin adalci, da saɓani tsakanin abin da ka yi imani da shi da abin da ake sa ka yi. Ka karanta shafin "abin da ya ɓata min rai" ka ga wanne ya fi maimaituwa.

Yawan aiki a wajenmu yana da kalanda, kowa ya san ta. Daga Yuli zuwa Oktoba rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, tamowa da zazzaɓi su haɗu a jikin yaro ɗaya. Sashen yara na asibitin Magariya, wanda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka fara tallafa wa tun yunwar 2005, yakan kwantar da ɗaruruwan yara a lokaci guda a irin waɗannan watanni. A cikinsu ne kuma ake zagayen raba maganin rigakafin zazzaɓi gida-gida, hanyoyi su yanke, ambaliya ta zo da nata, kamar ta 2024 da ta kayar da tsohon masallacin Birni. Da rani kuma zafin Afrilu da Mayu ya haura digiri 40, sanƙarau ya leƙo, famfo ya ƙafe, ka tashi tsakar dare kana taron ruwa ko ka jira ɗan garuwa kafin ka fita. Wanda ya tsara aikin shekara kamar duk watanni ɗaya ne bai taɓa kwana a Damagaram ba.

Sai dai yawancin waɗanda na gani sun durƙushe, ba yawan marasa lafiya ne ya kayar da su ba. Takarda ce da rashin ta-cewa. Masu ba da kuɗi uku, kowanne da fasalin rahotonsa, alƙaluma ɗaya ka cika su sau uku. A zauna a Yamai a yanke ranar taro ba a tambayi wanda ya san ranar kasuwar garin ba, ka je ka tarar kowa ya tafi cin kasuwa, laifin kuma ya dawo kanka. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma ma'aikacin fili ne kullum ake tambaya me ya sa bai ji ba.

Ga kuma kwantaragin wata shida ko shekara guda, wanda ke sa mutum aiki da rabin zuciya, rabin tana kan "za a sabunta ko ba za a sabunta ba". Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da wasu masu tallafi suka dakatar da kuɗinsu, sannan Amurka ta tsayar da tallafinta na waje a Janairu 2025, ayyuka da yawa sun tsaya ko sun tsuke. Aka sallami wasu, aka ɗora kayansu a kan waɗanda suka rage, su kuma ba su da bakin kuka don an ce su gode wa Allah da ba su aka kora ba.

Rashin adalci kuwa shi ya fi cin rai a ɓoye. Mota ɗaya, hanya ɗaya, rana ɗaya ta dake ku, amma kuɗin misiyon wani ya ninka na wani. Direba da mai wayar da kan jama'a su ne farkon fita, su ne ƙarshen komawa gida, su ne kuma ba a kira in an zo taron jin ra'ayi. In ka gano nan ne naka yoyon, hutun wata guda ba zai toshe shi ba. Magana ce ke gabanka.

Mataki na huɗu: ka yi magana da shugabanka, da takarda a hannu

Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Amma yadda za ka faɗa shi ne rabin nasara. Kar ka tare shi a bakin mota, kar ka yi a gaban mutane, kar kuma ka yi ranar da ranka ke tafasa. Ka nemi minti 20 a ofishinsa. Kar ka buɗe da "na gaji", domin amsarta a shirye take: "Sai haƙuri, duk mun gaji." Ka buɗe littafinka.

"Ranka ya daɗe, ga abin da ke hannuna wannan watan: zagayen likitoci tara, rahoto uku, horon matan sa kai, da ƙidayar kayan sito. Na lissafa, mako biyun da suka wuce na haura awa 65 kowanne. Ina so aikin ya fita da kyau, kuma a haka kuskure zai shigo cikin alƙaluma. Wanne za mu sa gaba, wanne zai jira, wanne za a ba wani?"

In mace ce ka ce "Hajiya" ko "Madam", yadda kuka saba. Abin nufi, ka miƙa masa zaɓi, domin zaɓar abin da zai jira aikinsa ne. Ka roƙi abu ɗaya ko biyu da za a iya gani a ƙasa: ranar ramuwa bayan duk misiyon da ya ci Asabar, ko a haɗe rahoto biyu, ko yini ɗaya a mako da ba za a sa maka taro ba. Da kun rabu, ka aika masa gajeren saƙo na abin da kuka tsayar, cikin ladabi, don maganar baki iska ce. In an yi wata ba abin da ya sauya, ka je wurin wakilin ma'aikata. In haƙƙi ne ƙarara aka danne, kamar hutu ko kuɗin awowin ƙari, ofishin sufeton ƙwadago na jiha don haka aka buɗe shi, kuma ana iya zuwa neman bayani kawai ba tare da an kai ƙara ba.

Mataki na biyar: ka yi wa waya shinge

Layi biyu: na aiki da na gida. Ka sanar da abokan aiki cewa bayan magariba, in abin gaggawa ne a kira ka, in saƙo ne zai kwana. Ku yarda a kan me ake nufi da gaggawa: rai, haɗari, tsaro. Hoton da ake so a sa cikin rahoto ba ya ciki. Makon farko za a yi gunaguni, na biyu a saba. Wayar aiki kuma kar ta kwana a gefen matashinka.

Mataki na shida: ka ɗauki konjenka, wato hutun shekara, kafin damina

Kuskuren da muka fi yi shi ne tara hutu sai "in aiki ya lafa". Ba ya lafawa. Tun Janairu ka rubuta takardar neman hutu, ka raba shi biyu: kashi ɗaya a Mayu ko farkon Yuni, ka shiga watannin wuya da ƙarfinka; ɗayan a Nuwamba, bayan an sauke. Mako guda kafin ka tafi, ka rubuta wa wanda zai riƙe maka shafi ɗaya: abin da ke tafiya, lambar wanda za a kira, inda mabuɗi da takardu suke. Wanda bai bar wannan shafi ba, wayarsa ce za ta ci hutun.

Ka kuma kare kwana uku na farko daga dangi. Da an ji kana gida, gaisuwar mutuwa, ɗaurin aure da rakiyar asibiti za su yi layi. Zumunci wajibi ne, za ka yi shi, amma daga rana ta huɗu. Ga ƴan'uwana mata abin ya ninka, domin hutun biro sau da yawa komawa ne ga murhu da wanki. Yaya, ki zauna da maigida tun kafin ranar ku tsara wanda zai kama miki, ko da ƙanwa ce ta zo ta yi mako.

In wani ya ce maka neman hutu raunin imani ne ko rashin godiya, ka tuna masa abin da Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i lokacin da ya ga ya hana kansa barci da abinci: Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce Salmanu ya yi gaskiya.

Mataki na bakwai: kuɗi da dangi

A unguwa, duk wanda aka gani a farar mota mai tambari, an gama yanke cewa ya tara. Ba wanda ya san kwantaraginka zai ƙare a Disamba. Ƙarshen wata bai zo ba, saƙonni sun fara: a turo ta Nita, a turo ta Amana. Tsoron rasa aikin da mutum ashirin ke ci a cikinsa shi ne ke rufe bakin da yawa daga cikinmu a gaban shugaba.

Ranar da albashi ya shigo, ka ware na zumunci, ko jika ashirin ne ko talatin, gwargwadon ƙarfinka. In ya ƙare, ka ce "na wannan watan ya ƙare, sai mai kamawa", ka tsaya a kai. Ka ware wani kuma da ba ka taɓawa, a adashi ko a tumaki biyu wajen ɗan'uwa a ƙauye, har ya kai cefanen wata uku. Ka je ofishin CNSS, asusun fansho da kariyar ma'aikata, ka tabbatar ana zuba maka kuɗinka da sunanka. Mutumin da ke da abincin wata uku a ajiye, muryarsa daban take fita in ya ce "wannan ya fi ƙarfina".

Mataki na takwas: abin da ido ya gani

Akwai nauyin da littafin awowi ba ya kamawa. Yaron da ka auna ran Talata ka dawo ran Juma'a aka ce ya koma. Uwar da ta naɗe tabarmarta ta goya gawar ta kama hanya. Muna cewa "Allah ya jiƙansa", mu juya ga na gaba a layi, kuma haka aikin yake buƙata a wannan sa'ar. Amma abin yana taruwa.

Ka sami mutum ɗaya da ya san aikin, ku yi alkawarin zama ko da rabin awa ne a mako, kowa ya sauke abin da ya gani, ba tare da ambaton sunan mara lafiya ba. Fada da shayi suna da daɗi kuma ka riƙa zuwa, domin zama da waɗanda ba ruwansu da ONG magani ne, amma ba nan ake buɗe irin wannan ba. In ƙungiyarku tana da masanin halayya da ake iya kira a asirce, ka kira. Ba mahaukaci ne kaɗai ke zuwa wurinsa ba. In mafarkin abu ɗaya ya riƙa dawo maka, ko gabanka ya riƙa faɗuwa in an doshi wani gari, wannan na likita ne, tare da addu'ar da kake yi.

Ga shugabanni kuma

In kai ne ke riƙe da mutane, mafi yawan abin da na lissafa a hannunka yake. Ka manna kalandar hutu a bango tun farkon shekara, ka fara cike taka don na ƙasa su ga ba laifi ba ne. Ka hana fitar mota bayan la'asar sakaliya, ka kuma ba direba ranar hutunsa bayan doguwar tafiya. In Yamai ta turo buƙata ran Juma'a da yamma tana so Litinin da safe, kai ne za ka ce "sai Laraba", ba yaronka ba. Lokacin rubuta sabon shiri, ka sa kuɗin ƙarin ma'aikata na watannin damina a cikin kasafi tun farko. Kuma ka lura da wanda ya yi shiru: mai yawan magana a taro da ya daina, mai zuwa da wuri da ya fara latti. Ka kira shi gefe ka tambaye shi lafiya kafin ka rubuta masa takardar gargaɗi.

In duk an yi ba ta sauya ba

Ka ba wa gyaran wata uku. In ka yi magana, ka yi hutu, ka ga likita, amma har yanzu Lahadi da dare cikinka na murɗawa, ka fara neman wani wuri tun kana kan aiki: wani sashe a cikin ƙungiyar, aikin da ba na gaggawa ba kamar noma ko ilimi, ko komawa karatu a Jami'ar André Salifou. Kar ka ajiye aiki cikin fushi. Ka duba wa'adin sanarwa da ke cikin kwantaraginka ka cika shi, ka karɓi takardar shaidar aiki, a lissafa maka kuɗin hutun da ba ka ci ba, ka rabu da kowa da sallama, domin duniyar ONG a Damagaram ƙarama ce, wanda ka bari yau shi za a kira gobe a tambayi halinka.

Ni ban bar aikin ba, sashe na sauya, bayan hutun kwana 21 da na yi rabinsa a gonar mahaifina a hanyar Miriya. Da na koma zagaye cikin Nuwamba na nemi garin matar nan, ma'aikacin likitar ya raka ni har ƙofar gidansu. Yaron yana zaune a tabarma yana cin wake. Na durƙusa na ce, "Baiwar Allah, ki yafe min abin da na yi miki ranar awo." Ta ce ba komai, ta shiga ɗaki ta kawo mana ruwa a kwanon sha.